Inda Ji Ya Kori Gani: Sana'ar Naɗin Taransifoma a Ƙasar Gumel

Ranar Laraba da hantsi, jajiberin kasuwar Maigatari, wani mai walda ya turo injinsa a baro har ƙofar wani shago a cikin garin Gumel. Injin irin haɗin gida ne: tarin fallayen ƙarfe an naɗe su da waya, an matse su tsakanin katako biyu da dogayen notuna. Gobe kasuwa, motocin ɗaukar shanu za su cika gari, kuma ba a rasa wadda ƙarfen bodinta ya ɓalle a hanya. Ga shi injin ya ƙi ba da haɗin kai. Da an jona shi sai ya kama gurnani kamar raƙumin da ake ɗora wa kaya, kafin a ƙone sandar walda uku ya yi zafin da hannu ba ya iya taɓa shi.

Mai shagon dattijo ne, furfura ta fara cin gemunsa. Bai ɗauki sifana ba, bai kwance ko noti ɗaya ba. Ya ce wa yaronsa ya jona injin, ya yi shiru yana saurare. Can ya jawo busasshiyar ƙotar guduma, ya ɗora baki ɗaya a kan ƙarfen, ɗaya bakin ya dafa a ƙashin bayan kunnensa, ya lumshe ido.

"Kashe," in ji shi. Ya dubi mai walda. "Wanda ya haɗa maka injin nan ya ci maka zagaye. Ƙarfen kuma ya sha duka."

"Haba Baba, ko buɗewa ba ka yi ba fa."

"Ai shi ya faɗa mini da bakinsa."

Hausawa na cewa gani ya kori ji. A wannan sana'a maganar ta juye, domin abin da ke faruwa a cikin ƙarfen nan ido ba ya iya ganinsa ko da ka zura masa tabarau goma. Kunne kaɗai ke kama shi.

Masu sana'ar da masu nemansu

Masarautar Gumel ta haɗa ƙananan hukumomi huɗu: Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Ƙasa ce ta rairayi, ta gero da riɗi da zoɓo da kiwo, ta jingina da iyakar Nijar. Wanda bai zauna a cikinta ba zai ɗauka lantarki ba shi da wani babban matsayi a rayuwarta. Amma ka lissafa masu ci da shi: mai walda, mai injin niƙa, mai markaɗe, mai ƙanƙara, mai cajin waya a rumfar kasuwa, mai rijiyar burtsatse, tela, har ladanin da ke kiran salla da lasifika. Kowannensu yana da wani abu a shagonsa mai waya naɗe a jikin ƙarfe, ko mota ce ta injin, ko sitabilaiza, ko injin walda, ko cajar batir. Ranar da wayar nan ta ƙone, wurin mutum ɗaya ake zuwa: mai naɗin koyil.

Shagonsa ba ya ɓoyuwa. Warin banish da na ƙonanniyar waya ne ke fara yi maka sallama. A ciki za ka ga sikeli na auna waya, da almakashin ƙarfe, da zarto, da mita mai allura ko mai lamba, da wani akwatin katako mai hannu da ake juyawa ana naɗa waya a kai. Jikin bango cike yake da lambobi, wasu da alli, wasu da gawayi: faɗin ƙarfe kaza, zagaye kaza, waya mai geji kaza. Wannan bango shi ne kundin shagon. Geji kuwa lissafinsa a juye yake, gwargwadon ƙanƙantar lamba gwargwadon kaurin waya, shi ya sa sabon yaro kan sha dariya idan aka aike shi ya ɗauko mai kauri ya dawo da mai lamba babba.

Ba da naɗi yaro ke fara koyon aikin ba, da warwara yake farawa. A ba shi ƙonannen koyil ya zauna ya kwance shi zagaye bayan zagaye yana ƙirgawa. In ka yi sallama a shago ka ga yaro ya gyaɗa maka kai kawai leɓɓansa na motsi, kada ka ɗauka rashin tarbiyya ne, yana tsakiyar ƙirga ne, in ta ɓace masa kuwa waya ba ta komawa a sake. Duk hamsin sai ya ja layi a ƙasa da ƙusa. Sai ya ƙware a nan za a bar shi ya riƙe waya ana naɗi, ya koyi jera ta sahu-sahu ba tare da ɗaya ta hau ɗaya ba, ya koyi shimfiɗa takarda tsakanin hawa da hawa. Kunne kuwa shi ne na ƙarshe a zuwa. Yaro kan iya naɗi tsaf tun da sauran lokaci kafin yaye, amma rarrabe kukan ƙarfe sai an shekara ana ji.

Abin da ke sa ƙarfe kuka

Taransifoma, babba ko ƙarama, dabara ɗaya ce. Wayoyi biyu ne naɗe a jikin ƙarfe ɗaya, ba sa taɓa juna. Wuta ta shiga ta farko, ta mai da ƙarfen mayen ƙarfe; maganaɗisun nan shi ke tayar da wuta a waya ta biyu. Yawan zagayen kowace waya ke yanke ƙarfin wutar da za ta fito. Wani Bature ɗan Ingila, Michael Faraday, shi ya gano haka a 1831 da zoben ƙarfe da waya. Shekara goma sha ɗaya bayan nan, a 1842, ɗan ƙasarsu James Joule ya lura da wani abu na daban: idan aka mai da sandar ƙarfe mayen ƙarfe, tsawonta yana ɗan canjawa. Masana sun laƙaba wa abin dogon suna a Turance. Mu a nan mu kira shi miƙar ƙarfe, domin kamar mai tashi daga barci ne, ya miƙe ya dawo.

A ido ƙarfe dunƙule ne, amma cikinsa a rarrabe yake zuwa ƙananan yankuna, kowanne ɗan mayen ƙarfe ne mai kai da wutsiya, kuma kowanne ya ɗan fi tsawo ta wajen da kansa ke kallo. Wanda ya taɓa tsayawa wurin lodin shanu a Maigatari ranar Alhamis ya riga ya ga misalin. Saniya ta fi tsawo a kan faɗi. Shanu goma in suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, ɗan wuri za su ci. In suka juya suka bi juna kai da bindi, layin sai ya miƙe. Haka yankunan nan suke yi: maganaɗisu ya zo, waɗanda ke gicciye su juya su bi hanya, ƙarfe ya ƙara tsawo, ya tafi, su koma, ƙarfe ya dawo.

Akwai abu na biyu a misalin. Saniyar da ke kallon gabas, in ta juya ta kalli yamma, wurin da ta ci bai ƙaru ba bai ragu ba. Ƙarfe ma ba ruwansa da inda maganaɗisu ya dosa, ko gaba ko baya miƙa ɗaya zai yi. Wutar Najeriya da ta Nijar tana kai da komowa sau 50 a sakan ɗaya, saboda haka ƙarfe yana miƙa sau 100: ɗaya a tafiya, ɗaya a dawowa. Wannan ɗari ita ce muryar da kake ji a gindin taransifomar unguwa. A Amurka, inda wutarsu ke juyawa sau 60, ƙarfensu sau 120 yake miƙa, kukan taransifomarsu ya ɗan fi namu siranta.

Miƙar kanta ba ta taka kara ta karya ba. A ƙarfe mai kyau, mita guda ba ya ƙara abin da ya wuce kashi ɗaya ko biyu cikin miliyan na tsawonsa. Silin gashin kai ya fi wannan kauri sau gommai. Sai dai abin da ke motsin nauyi gare shi, a taransifomar unguwa ɗaruruwan kilo ne, kuma ba ya hutawa dare da rana. Man da ke cikin tanki ya ɗauki girgizar ya kai wa bangon tanki, bangon kuwa faffaɗa ne kamar fatar ganga, shi ke buga iska har ta iso kunnenka.

Mutane da yawa na ɗauka in taransifoma ta ƙara murya to kaya ne suka yi mata yawa. Wannan kukan na ƙarfe ba lodi yake bi ba, ƙarfin wutar da ke shigowa yake bi. Shi ya sa a tsakar dare, lokacin da injinan niƙa suka tsaya, masu walda suka tashi, wuta ta ɗan hau, za ka ji muryarta ta fi fitowa. Ga kuma gari ya yi tsit. Lodi yana da nasa kukan, amma daga wayoyi yake fitowa, su ne ke tunkuɗar juna idan wuta mai yawa ta ratsa su.

Ƙarfen da aka horar

Ƙarfen cikin taransifoma ba irin na rodi ko na kwanon rufi ba ne. Wajen shekarar 1900 wani maƙerin zamani a Ingila, Robert Hadfield, ya nuna cewa in aka gauraya ƙarfe da silikon, sinadarin da ke cikin yashi irin wanda ya rufe ƙasar Gumel, asarar wuta a cikinsa tana raguwa. Yau ana sa kimanin kashi 3 cikin 100. In aka kai kashi 6.5 miƙar ƙarfe kusan ɓacewa take yi, amma ƙarfen sai ya zama mai gautsi kamar tangaran, ya yi wuyar murzawa da yankawa.

A shekarun 1930 wani Ba'amurke, Norman Goss, ya fito da hanyar murza ƙarfen da gasa shi ta yadda ƙwayoyinsa za su jeru su kalli hanya ɗaya, wato hanyar da aka murza shi. A koma ga shanun nan: in tun farko duk a miƙe suke a kan layi, babu mai juyowa daga gicciye, sai dai mai kallon gabas ta koma yamma, tsawon layi bai motsa ba. Wannan ne sirrin ƙarfen Goss, asararsa kaɗan, kukansa kaɗan. A 1968 wani kamfanin Japan, wanda daga baya ya zama Nippon Steel, ya fito da wanda ya fi shi jeruwa, mai suna Hi-B. Ana kuma shafa wa fallen wani siririn rufi mai kama da gilashi, wanda ke aiki biyu: yana hana wuta tsallakawa daga falle zuwa falle, yana kuma ɗame ƙarfen ta tsawonsa kamar yadda ake ɗame tsirkiyar baka. Ƙarfen nan yana son ja, ba ya son matsi. In an ja shi ya yi shiru, in an danne shi ta tsawonsa yankunan cikinsa su karkace su koma gicciye, kuka ya ƙaru.

Fallayen sirara ne ƙwarai, daga milimita 0.23 zuwa 0.35. Dalili kuwa, in da dunƙulen ƙarfe aka sa, wuta za ta riƙa kewaya a cikinsa tana dafa shi a banza. Yanka shi falle-falle da raba su da rufi shi ke datse mata hanya.

Ba a yin wannan ƙarfe a Najeriya. Duk fallen da ke shagon mai naɗi a Gumel ko Gagarawa ya ƙetaro teku a cikin wata na'ura, ya yi rayuwarsa ta farko, ya mutu, sannan ya faɗo hannun 'yan jari-bola ko dillalan ƙarafa irin na kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Mai naɗi na kirki yana tambayar asalin kaya kafin ya saya, musamman jan waya da manyan fallaye, don kowa ya san akwai ɓata-garin da ke kwance taransifomar jama'a da dare, kuma wanda ya sayi kayan sata ya san inda zai kwana.

A nan ne gwani ke rabuwa da ɗan koyo. Fallen da aka horar a masana'anta yana riƙe duk abin da aka yi masa bayan nan. Ka yanka shi ta gicciye, ka sa maganaɗisu ya bi inda ƙwayoyinsa ba su kalla ba, ka zubar da aikin Goss gaba ɗaya. Ka miƙar da lanƙwasasshe da gudumar ƙarfe, ka cusa masa matsi a ciki wanda ba ya fita. Ka cinna wa tsohon koyil wuta don wayar ta yi saurin fita, ka ɓata rufin fallayen. Ka bar ƙaiƙayin da almakashi ya tayar a baki, ya haɗa falle da falle, wuta ta sami hanyar kewayawa. Ka ɗaure noti ɗaya tamau ka bar ɗaya sako-sako, gefe ɗaya ya matsu, ɗaya ya riƙa kaɗawa. A masana'anta, ƙarfen da ya wahala wajen yanka ko lanƙwasa akan mai da shi tanderu mai zafin kusan digiri 800, inda iska ba ta shiga, ya huce a hankali, ya manta. Mai shago ba shi da irin wannan tanderu. Abin da yake da shi lallashi ne: gudumar katako, zarto don share baki, jera fallaye ɗaya ta nan ɗaya ta can don mahaɗarsu kada ta faɗo wuri ɗaya, naɗe notin da ya ratsa ƙarfe da takarda, ɗaure notuna bi da bi, sannan a tsoma a banish a bar shi ya bushe sarai.

Lissafin zagaye

Da yamma yaron shagon ya gama warware injin mai walda. Layukan ƙusa biyu a ƙasa da ɗoriyar huɗu.

"Maigida, ɗari da huɗu ne."

Dattijon ya auna ƙarfen da ke tsakiyar koyil: santimita 6 ta nan, 10 ta can, wato 60 in an ninka. Masu naɗi suna da wata lamba da suke gada daga iyayen gidansu, wasu 42, wasu 45, wasu 50. A raba ta da faɗin ƙarfe, abin da ya fito shi ne zagayen da kowane bolt ɗaya ke buƙata. A ɗauki 45: a raba da 60, a ninka da bolt 230, ya ba da zagaye 173. Da yawa cikin masu aiki da lambar ba su san daga ina ta fito ba, amma injiniya in ya zauna da alƙalami ita zai tarar, ita ce ke riƙe cikar maganaɗisu a tesla 1, ma'aunin da ake auna shi da shi. Ƙarfen Goss lafiyayye yana ɗaukar har tesla 1.7, nan manyan taransifomomi ke aiki, in ya haura 2 kaɗan kuwa ya ƙoshi, ko ɗigo ba ya ƙarawa. Zagaye 104 a wannan ƙarfe ya kai shi dab da 1.7. Sabon falle daga masana'anta zai jure. Wannan kuwa tattare-tattare ne, rabi na taransifoma, rabi na tsohuwar motar injin, duk da tabon guduma.

Ƙarfe in ya doshi ƙoshi, miƙarsa ba ta tafiya sumul, fizga take zama. Kan muryar nan ta 100 sai wasu su hau, ta 200, ta 300, ta 400, waɗanda kunnen mutum ya fi ji kuma suka fi sa haushi. Shi ne gurnanin da dattijon ya ji. A lokaci guda injin yana zuƙar wuta mai yawa ko ba a walda, waya na ɗumi, takarda na gasuwa.

Me zai sa mutum ya rage zagaye? Kuɗi. Jan waya da sikeli ake sayar da ita, farashinta kuma dala yake bi. Mai kaya ya zo yana "a duba mini, a rage mini", mai naɗi yana tsoron ya ƙi aiki maƙwabcinsa ya karɓa. Hanya ta halal ita ce a gaya wa mai kaya gaskiya a naɗa masa da alminiyam, wanda ya fi araha, amma sai an ƙara masa kauri, don bai kai kashi biyu cikin uku na jan waya wajen ɗaukar wuta ba. Ɗaya hanyar ita ce a karɓi kuɗin kilo biyar a naɗa uku da rabi. Abin da ke ba ha'incin nan tsawon rai shi ne raunin wuta. In wutar gari ta faɗo ƙasa da bolt 180, injin da aka ci wa zagaye lafiya lau zai yi aiki, shiru kamar na Allah. Ranar da wuta ta zo da cikakken ƙarfinta, ko aka jona shi a janaretan da gudunsa ya faɗi amma ƙarfin wutarsa bai faɗi ba, ranar ƙarfe zai tona asiri a gaban kowa. Araha ba ta ado, ramin ƙarya kuma ƙurarre ne.

Manyan na bakin titi

Wutar da ke isa ƙasar Gumel ta sha hannu kafin ta zo. Daga manyan tashoshi irin na Shiroro takan hau layin bolt 330,000 ta bi ta Kaduna zuwa Kumbotso a Kano, a sauke ta zuwa 132,000. A Gagarawa akwai tashar da ke sauke ta zuwa 33,000, daga nan ta bazu cikin garuruwa, har taransifomar unguwa ta mai da ita 415 tsakanin layi da layi, wajen 230 zuwa 240 a soket ɗin ɗaki. Kowane mataki ƙarfe ne ke miƙa sau ɗari a sakan. Rarraba wuta a Jigawa, tare da Kano da Katsina, yana hannun kamfanin KEDCO tun 2013, ko da yake har gobe in wuta ta zo yara "Nepa" suke ihu.

Waɗannan manya ba na mai shago ba ne. Buɗe su aikin injiniyoyi ne da manyan wuraren gyara masu tanderun busar da koyil da na'urar tace mai. Dabarar ƙotar guduma a kunne ma ta ƙananan injina ce kawai. Wutar bolt 33,000 ba ta jira a taɓa ta, tsalle take yi ta sami mutum. Amma mai naɗi in ya wuce ta gefen shingen taransifomar unguwa, daga nesa kunnensa na karanta ta, kuma sau da yawa shi ke fara cewa mai unguwa a kira ma'aikata. Huci mai daidai, wanda ba ya hawa ba ya sauka, lafiya ke nan. Karkarwa kamar ta kwanon rufi a iska, wani abu ya kwance. Gurnani mai kaushi, wuta ta hau fiye da kima. Ƙas-ƙas kamar ana suyar gyaɗa, wuta na tsartuwa a inda bai kamata ba, ko a kan kwalaben da ƙurar hunturu ta lulluɓe sannan raɓa ko ruwan farko ya jiƙa. Ɓul-ɓul kamar tukunya a murhu kuwa, a ja da baya a yi waya.

Miƙar ƙarfe ita kaɗai ba ta kashe taransifoma a rana ɗaya. Aikinta irin na ɗigon ruwa ne a kan dutse. Sau ɗari a sakan ya haura sau miliyan takwas a kwana guda. Shekara da shekaru girgizar na sassauta notuna, tana cin robar da ke toshe bakin tanki har mai ya fara tsiyaya, tana goga waya da takarda. Sai zafi ya zo ya ƙarasa. Galibin taransifomomi an tsara su ne a kan iskar da ba ta wuce digiri 40 ba, a Afrilu da Mayu kuwa ƙasar nan takan haura haka. Ƙa'idar injiniyoyi ita ce duk ƙarin digiri 6 a kan zafin da aka ƙayyade wa takardar cikin koyil yana raba kwananta biyu. Shi ya sa ma'aikacin kirki ke duba tsayin mai, yana duba 'yar kwalbar nan mai tsakuwoyi shuɗɗa da ke shanye laimar iska. In sun koma ruwan hoda, sun ƙoshi, a canja su.

Ko a gida ana iya rage damuwar. Sitabilaizar da ke hana barci sau da yawa ba ta da laifi, inda aka ajiye ta ne: kan kantar katako mai rami, ko lungun da bango biyu suka haɗu suna mai da murya. A sauke ta a ƙasa, a sa mata guntun robar taya a gindi, a ji bambanci.

Gobe da jibi

Sana'ar tana ganin sauyi. Ƙananan injinan walda na zamani, waɗanda yaro ke rataya a kafaɗa, sun shigo kasuwa. A cikinsu wuta na juyawa sau dubbai masu yawa a sakan, sama da inda kunnen mutum ke kaiwa, kuma 'yar taransifomarsu ba ta wuce dunƙulen hannu ba. In sun lalace ba naɗi ake yi ba, allon cikinsu ake gyarawa ko a canja. Ko kwan fitilar nan mai zare, wanda masu naɗi ke jonawa a layi ɗaya da sabon koyil don gwaji, in ya haska da ƙarfi a san waya ta haɗe, in ya yi ja-ja ya dushe a san lafiya, ya fara wuyar samu tun da fararen ƙwai masu tsimin wuta suka cika shaguna. Amma sola ta kawo nata aikin: manyan inbata masu nauyi har yanzu ƙarfe da waya ne a cikinsu, famfunan burtsatse na ƙonewa, injinan niƙa ba su daina juyawa ba. Kuma mai walda na ƙauye ya san injin da aka naɗa da hannu in ya mutu ana tayar da shi a garinsu.

Mai waldan nan dai kasuwar wannan makon ta wuce shi. Dattijon ya ce banish ba ya bushewa da gaggawar mai kaya. Aka zazzage fallayen, aka ware masu tabo da masu tsatsa, aka cike gurbinsu da masu kyau, aka share bakunansu, aka sake naɗi da zagaye 173, waya ta biyu ma aka ƙara mata gwargwado.

Laraba ta zagayo, ya dawo da baronsa. Aka jona ta cikin kwan fitila, ya yi ja ya dushe. Aka jona kai tsaye. Injin ya ɗauki huci siriri, mai daidai, irin wanda sai ka matso kake ji.

"Baba, har yanzu da ɗan sauran kuka."

"Wannan nasa ne, da shi aka yi shi. Ranar da ka ji ya yi tsit, ka duba fis."

Ya miƙa wa yaronsa ƙotar guduma ya ce ya saurara da kyau, ya riƙe wannan murya a kansa, don wanda bai san kukan lafiya ba ba zai gane na ciwo ba. Yaron ya daɗe da ƙota a kunne. Kafin a ɗora injin a baro, dattijon ya tsoma tsinke a gwangwanin fenti, ya rubuta 173 a jikin katakon da manyan lambobi.

"Na mene ne wannan kuma, Baba?"

"Na wanda zai buɗe shi bayana ne. Ya ƙirga ya gani."